Wayar Lasifika Mai Bakin Zinariya

Litinin, 2 ga Oktoba 1995, bayan la'asar

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta abin da kunnena ya ji, tunda a Madarumfa ba wanda za ka faɗa wa ya gane. Ni Illo, mai ɗaukar wasiƙar kaset a bakin kasuwa, yau kwana biyar ke nan da na ɗaura wa lasifikokina sabuwar waya, kuma wallahi duniya ta canja.

Guda biyu ce, kowace gaba biyu. Kaurinta ya kai ɗan yatsa, rigarta garai-garai kana hango jan ƙarfen a kitse a ciki, bakunanta an shafa musu ruwan zinariya. A Maradi na samo ta, wurin wani mai kanti da ya ce daga Faransa aka kawo masa. Kuɗinta ba zan rubuta ba, littafi yana iya faɗawa hannun wani.

Akwai kaset ɗin wani makaɗin gurmi da na yi shekara uku ina ji. Sai da wayar nan ta zo na gane ashe can bayan makaɗin, tsakiyar waƙa ta biyu, akwai zakara yana cara. Shekara uku zakaran nan yana cikin ɗakina ban sani ba.

Gidan shiru, ya dace da sauraro. Matata Habiba tana Safo wurin iyayenta tun ranar Asabar. Goyon ciki ne, kowa ya san al'ada, cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa. Ta dai yi sammako, kuma ba ta tashe ni ba, don mace ce mai tausayi.

Talata, 3 ga Oktoba, da safe

Na yi tuntuɓe da turken tsakar gida. Tunda ba abin da ke ɗaure a jikinsa ya kamata in tuge shi. Gobe.

Laraba, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Sani mai gyaran rediyo ya zo. Abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, kuma tun lokacin bai taɓa yarda da maganata ba sai ya taɓa da hannu. Ya ɗaga wayar, ya jijjiga ta, ya shinshina.

Ya ce, “Illo, wagga igiyar guga ce ko fil na lantarki?”

Na ce, “Zamna ka ji.”

Na zaunar da shi daidai tsakiyar tabarma, inda na yi alama da alli. Na haɗa batirin mota da ampili, akwatin ƙara sauti, na sa gurmi. Da aka zo wurin na ɗaga yatsa.

“Ka ji zakaran?”

“Na ji. Na Ɗogo ne, ga shi can bisa danga.”

Sai da na maida kaset baya sau uku, zakara yana cara a wuri ɗaya, kafin ya yarda ba na maƙwabcina ba ne. Duk da haka bai sauka ba. Ya ce in maido tsohuwar wayar mu ji ko zakaran zai mutu. Na ce na yar da ita. Tana ƙarƙashin gado.

Ya ce, “Wutar kuran ba ta san tsada ba, Illo. Jan ƙarhe jan ƙarhe ne. Wanda ke cikin ampili ɗin naka, da sautin ke bi kahin ya iso ga wagga, siriri ne kamar gashin jaki.”

Na ce masa mai gyara daban, mai ji daban. Ya yi dariya. Da zai fita ya dubi turke, ya dube ni, ya sa takalminsa.

Juma'a, 6 ga Oktoba, bayan masallaci

Na dafa shinkafa. Ƙasanta gawayi, samanta tsakuwa, tsakiyarta dai ta yi. Hayaƙin ne ya kira Ladi, matar Ɗogo masunci, ta leƙo da kwanon tuwo da miyar kifi. Allah ya saka mata. Ita ce ke kai kyafaffen kifi Safo duk Asabar a amalanken jaki, kuma a amalankenta Habiba ta tafi.

Na tambaye ta, kamar ba da gangan ba, ko sun sauka lafiya.

“Lahiya lau, Malam Illo. Ƙahwahu dai sun ɗan kumbura.”

“Ta ba da saƙo?”

“Ta ce a ba kajinta ruwa.”

Na ba su. Har na dama dusa a tsohuwar tasa na kai bakin turke kafin na tuna. Kajin suka ci.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da yamma

Yau aka yi abin da Sani ya kira jarrabawa. Ni na yarda, don na san kunnena.

Ya zo da wayar fitila, irin wadda ake aunawa da kamu a kasuwa, da asabari, da mutanen fadarmu ta shayi har da waɗanda ba a gayyata ba. Aka rataya asabarin gaban kayan sautin. Sani ya shiga baya yana canja waya, ni ina zaune bisa alamar alli, in an sa gurmi in faɗi wacce ce. Ɗogo aka ba alƙalanci, da ƙoƙo biyu da gyaɗa. In na ci, Sani ya miƙo hannu ta gefe, a jefa gyaɗa a ƙoƙon dama. In na faɗi, a na hagu. Aka juya mini baya da ƙoƙunan don kada in gani.

Na farko ban yi ko shakka ba. Sautin ya buɗe, gurmin ya yi zaƙi, zakara ya fito fes. Na ce, “Tawa.” Na ji gyaɗa ta faɗa ƙoƙo. Na biyu ya yi mini dishi-dishi, na ce ta fitila. Haka muka yi har goma, ina faɗi ina murmushi, jama'a shiru kamar ana huɗuba. Ni a raina shirun girmamawa ne.

Ɗogo ma, wanda nutso a tabki ya toshe masa kunne ɗaya tun yana saurayi, ya riƙa faɗin tasa a hankali, wani yana ƙirga masa da tsakuwa.

Ba zan rubuta sakamakon yau ba. Batirin ya yi sanyi, mutane sun yi yawa a ɗakin suna shanye sauti, ga warin kifi. Ba a yin sauraro a haka.

Da kowa ya watse Sani ya tsaya yana naɗe asabari.

Ya ce, “Ni ban yi wanga don a yi maka dariya ba. Ka tahi Safo.”

Na ce, “Goyon ciki ne.”

“Na sani. Ka tahi dai.”

Litinin, 9 ga Oktoba, da safe

Huɗu cikin goma. Ɗogo shida. Zakaran ya yi cara a duka wayoyin.

Laraba, 11 ga Oktoba, da azahar

Aiki ya buɗe. An fara yankan gero, kowa yana son ya gaya wa nasa da ke Abijan ko Libiya dami nawa aka samu. Mutanenmu ba sa son wasiƙar takarda, sun ce mai karantawa yana rage magana. A kaset kuwa ɗanka zai ji har tarin da ka yi. Sai dai duk wanda ya zauna gaban makirfo yau sai ya fara tambayata lafiyar zakara. Na amsa wa kowa da fara'a.

Wata tsohuwa ta zo daga Sarkin Yamma, Inde, za ta aika wa ɗanta. Na sa mata sabon kaset na awa ɗaya, na ce ta saki jiki. Ta gyara zama ta ce, “Sule, ni ce. Muna lahiya. Na sai da akuyarka na ci kuɗin, ban tambaye ka ba, ka yahe mani. A gaida mutanen gidanku.” Ta miƙe.

Na ce, “Iya, ko minti ɗaya ba ki yi ba. Ki ƙara mana.”

Ta ce, “Mi za ni ƙarawa? Na hwaɗi.”

Na yini ina tunanin tsohuwar nan. Mutanen ƙauye ba su san darajar kaset ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi wa Habiba wasiƙa. Ni da nake yi wa gari, in kasa yi wa kaina? Na zaɓi kaset mafi kyau a akwatina, na goge kan injin da auduga, na rufe taga saboda kaji. Sau huɗu ina ɗauka ina sharewa, na biyar ya yi.

Na gaishe ta, na gaida Baba Mahaman da Inna. Na ba ta labarin kajinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan na yi mata bayanin waya tun daga tushe, yadda sauti ke tafiya a jan ƙarfe, da abin da ya sa zinariya ba ta tsatsa, don in ta fahimci wannan ta fahimci sauran. Na sa mata gurmin ta ji zakara da kunnenta. Fuska ɗaya ta cika taf, minti arba'in da biyar. Na ɓalle 'yan haƙoran bayan kaset ɗin don kada wani ya ɗauki abu a kai bisa kuskure.

Na sake saurara. Muryata ta fito kamar ta gidan rediyo. Ba abin da na bari.

Asabar, 14 ga Oktoba, da hantsi

Ladi ta tafi da shi. Na naɗe shi a leda biyu saboda kifi.

Litinin, 16 ga Oktoba, da yamma

Amalanke sai shigowa suke da dammunan gero, tabki ya cika har gindin itatuwa, kifi ya yi araha. Garin yana cikin daɗi, ni ma haka. Ladi ta ce Habiba ta karɓa da hannu biyu. Na tambaya ko ta yi murmushi. Ladi ta ce rana na dukan idonta, ba ta gani ba.

Turken yana nan. Ƙasar wurin ta yi tauri, sai an jiƙa.

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Ban kunna komai ba yau. Batir a cike yake.

Asabar, 21 ga Oktoba, gab da magariba

Amsa ta zo. Ladi ta miƙo mini leda, na buɗe, na ga kaset ɗina ne. Na ce an maido mini. Sai na juya bayansa na ga ramukan haƙoran da na ɓalle an cusa musu auduga. Wato a kan maganata ta ɗauki tata. Minti arba'in da biyar na aiki. Na yi dariya ni kaɗai, don ni na koya mata dabarar.

Na wanke hannu, na zauna bisa alli, na kunna. Ga iska, ga kukan awaki, ga wani yana daka. Sai muryarta.

“Salamu alaikum. Malam, ina gaisuwa. Kaset ya iso. Rediyon gidan guda ce, ta Baba, saboda haka a tsakar gida munka ji shi, ni da Inna da Baba da yaya Abubakar. Baba ya ce a tambaye ka ko zakaran na sayarwa ne.”

Na rufe fuska da hula. Amma na ji daɗin muryar, ba zan ɓoye ba. Kwana ashirin da biyu.

Daga nan ta ce, “Yanzu ga maganata,” sai muryar ta fara sauri. Ta ƙara sauri, ta sirance, ta koma kamar ta 'yan tsaki. Ina jin magana ce, ina jin inda take tsayawa ta ja numfashi, amma ko kalma ɗaya ba ta kamuwa. Na maida baya. Na ƙara ƙarfi. Na goge bakunan zinariya da gefen riga. Wayar nan ta kawo mini komai tsaf, har ƙarar taɓarya, ban da abin da matata ke cewa.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da hantsi

Na je rumfar Sani. Ban ba shi kaset ba, bayani na yi masa da baki, na ce na wani mai wasiƙa ne.

Ya ce, “Pil ne, 'yan batir ɗin rediyo. Mai wasiƙar taka ta ɗauka da pil masu gajiya. Injin shina jan kaset a hankali, shina ƙara sanyi. Kai kuma ka sa shi cikin naka mai cikakken ƙarhi, dole ya yi gudu. Kawo injinka in buɗe, akwai ɗan ƙusa a jikin moton da ke jan kaset, in sassauta shi mu ji tare.”

Na ce ba mai sa ƙarfe a cikin injina. Gaskiyar ita ce kalmar “tare” ce ban so ba. Mutanen Safo sun ji nawa a tsakar gida, ya isa.

Ya ce, “To sai ka nemi rediyo irin tata, da pil da sunka gaji daidai gajiyar nata.” Ya ci gaba da aikinsa, kansa a sunkuye. “Ka gaida mai wasiƙar.”

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Madarumfa ta ga abin kallo. Ni Illo, da nake korar mai wasiƙa in ya zo da tsohon kaset, ni ne na bi rumfa-rumfa ina roƙon mataccen pil. Mai shayi ya ba ni huɗu, tela ya ba ni shida da ya tauna don su ƙara kwana, mai gadin likita ya zazzage mini tocilarsa. Kowa ya tambaya me zan yi da su. Na ce bincike.

Rediyon kuwa ta Ɗogo ce. An ɗaure ta da robar taya, murfin kaset ɗin ya ɓace sai a tokare da tsinken ashana, lasifikarta ta yage, ga ɓawon kifi a maɓallai. Wayar da ke cikinta, na leƙa, an haɗa ta da ƙullin hannu. Ɗogo ya miƙo mini ita kamar amarya.

Ya ce, “Ka bi ta a hankali. In ta yi gardama, mari guda nan gehe.”

Na yini ina gwaji. Pil huɗu take ci. Na sa waɗanda suka mutu sosai, Habiba ta yi magana da muryar bijimi, ta tsaya. Na sa masu sauran rai, ta koma 'yar tsako. Na shanya wasu a rana bisa kwanon ɗaki, na haɗa biyu masu zafi da biyu masu sanyi. Sau ɗaya na kama kalma uku, “sau ukku na,” sai pil ɗin suka mutu. Na jera su a tabarma ina yi musu alama da alli, wannan ya gaji, wannan ya fi shi. Wannan ma ilimi ne, ba wanda ya taɓa rubuta shi.

Talata, 24 ga Oktoba, da azahar

Na ji.

Biyu na tela, ɗaya na mai shayi, ɗaya na tocila da ya sha rana tun safe. Na ɗauki rediyon na tafi bakin tabki, gindin wata tsamiya inda ba kowa. Na tokare da ashana, na yi mari ɗaya a gefe. Muryar ta fito da shashshaka, tana rawa, lasifikar tana zizara kamar ƙudan zuma ya shiga gora. Amma Habiba ce, daidai yadda take magana in tana tsince shinkafa. Zan rubuta yadda ta faɗa, don pil ɗin ba za su sake ba.

“Yanzu ga maganata. Malam, ka cika huska guda kana magana, ba ka ambaci sunan abin ba ko sau ɗaya. Ni ba shi ya kore ni ba. Dabba ce, ana saidawa a sayi wata, ko da ni na yi wata bakwai ina ba shi dussa da hannuna don ranar suna. Ranar da na dawo daga rijiya na iske turke ba kowa, sau ukku na tsaya bakin ɗaki na tambaye ka. Sau ukku kana ɗaga mani hannu in dakata waƙa ta ƙare. Da ta ƙare ka juya kaset. Shi ne.”

Ana ta daka a bayanta. Sannan ta ce, “Baba ya ce ran Juma'a mai zuwa in an sauko masallaci za shi sa yaya Abubakar ya kamo ɗaya cikin garkenai a ɗaure don suna. In na Baba ya riga naka hawa turke, ni ba ni da bakin cewa zan koma, kai ma ba ka da na biko. Kar ka aiko kaset. Ka zo da ƙahwarka. Pil ɗin Baba sun fara...”

Nan ya tsaya.

Na daɗe a gindin tsamiyar. Ban tuna ta tsaya a bakin ɗaki ba. Wallahi ban tuna ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na tuna waƙar.

Rago. To, na rubuta. Na sayar da ragon suna na sayi waya.

Juma'a saura kwana uku.

Laraba, 25 ga Oktoba, da yamma

Na je Maradi da wayar a cikin jaka. Mai kantin ya karɓe ni da fara'a har ya ji abin da ya kawo ni. Ya ce kaya in sun fita sun fita. Na zaga wurin masu kayan sauti uku. Na biyu ya dube ni ya ce, “Kai ne na Madarumfa mai huɗu cikin goma?” Direbobin tasha sun riga ni isowa da labari. Wani mai sayen tsohon ƙarfe ya auna ta a hannu ya ce zai ba da dala ɗari saboda jan ƙarfen, in na feɗe masa rigar da kaina.

Na dawo da abata. A mota wata mata ta tambaya ko ta shanya ce.

Alhamis, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Ampili da lasifika biyu sun tafi. Sa'idu mai gidan bidiyo ya daɗe yana zawarcinsu, yau na aika masa ya zo da amalanke. Injin ɗaukar wasiƙa na bari, da shi nake ci. Na ce ya haɗa da wayar kyauta. Ya ce a'a, yana da fil, kuma wannan za ta sa yara tuntuɓe.

Zai sa musu fim ɗin faɗa su yi ta ƙara har su tsage. Na shafa su kafin a ɗora. Ban yi kuka ba, ƙura ce ta bayan akwatin.

Ɗogo ya raka ni wurin wani makiyayi a bayan tabki. Mun samo fari mai baƙin ido. Bai kai na Habiba ba, na sani, nata har wuya ya yi. Amma yana da haƙora, yana da ƙaho, kuma ya tunkuyi Ɗogo, alamar lafiya. Makiyayin ya ce igiyarsa ba ta cikin ciniki, muka koro ragon da hannu.

Ɗakin ashe babba ne. Na yi tari na ji ya amsa.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da sassafe

Babu igiya a gidan nan. Ta turken ta bi ragon farko. Ɗogo yana waje da amalanke yana kira. Akwai dai abu ɗaya mai gaba biyu a rataye a ƙusa.

Juma'a, bayan la'asar, a Safo

Ina rubutu a zauren Baba Mahaman, bisa gwiwa.

Jakin Ɗogo ba ya son Juma'a. Sau biyu ya tsaya a yashi yana tunani, muka sauka muna turi. Ragon yana bisa amalanke, na ɗaure shi da waya ɗaya a wuya, ɗayar na kewaye ƙafafunsa, bakunan zinariya suna ƙyalli a rana. Duk wanda muka wuce sai ya juyo. Sallar Juma'a a hanya ta same mu, Allah ya yafe mini, Ɗogo kuwa dama ba ruwansa.

Mun shiga gari mutane suna fitowa masallaci. A ƙofar gida na hango yaya Abubakar da igiya a hannu, ya nufi garke. Na diro, na ja ragona, na yi sallama da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ya tsaya. Ya dubi ragon, ya dubi abin da ke wuyansa, ya juya ya shiga gida kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Na cire takalmi na durƙusa gaban Baba. Ya amsa gaisuwa a taƙaice. Ya buɗe bakin ragon ya duba, ya taɓa gadon bayansa. Sannan ya kama wayar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ja da ƙarfi.

“Wagga ita ce?”

“Ita ce, Baba.”

“Igiya mai kyau. Ba ta cin wuya.” Ya miƙa wa Abubakar. “A ɗaure shi.”

Aka ce in shiga. Habiba tana zaune bisa tabarma bayan ɗakin Inna, ta miƙe ƙafafu, ta yi nauyi, ta yi kyau. Ba ta dube ni ba. Na tsuguna nesa kaɗan. A hanya na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da komai. Sai tsohuwar nan ta Sarkin Yamma ta faɗo mini.

Na ce, “Habiba, na sai da ragonki ban tambaye ki ba. Kin tambaye ni ban ji ba. Ki yahe mani.”

Ta ce, “Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“To yanzu ni za ni yi.”

Ta yi. Ta fara daga ragon, ta bi ta kan rufin madafa da na ce zan gyara tun bara, ta zo kan ranar da abin cikinta ya fara motsi ta kira ni in taɓa na ce bari waƙa ta ƙare. Ta fi fuska ɗaya ta kaset. Hannuwana na sa su ƙarƙashin cinya na danne. Tana tsakiyar magana wani zakara ya yi cara bisa rumbu, kusa da kaina. Ban juya ba. Ta lura, ta ɗan tsaya, gefen bakinta ya motsa, ta ci gaba.

Da ta gama ta ce, “Ragon naka ƙarami ne.”

Na ce, “Ƙarami ne.”

“A bar shi nan, in ba shi dussa. Ka ci abinci?”

Talata, 31 ga Oktoba, da safe

Na gyara rufin madafa. Na maida wa Ɗogo rediyonsa da sababbin pil, ya ce sun yi mata ƙarfi. Turken na bar shi, Habiba ta ce in ta dawo bayan arba'in za ta sa ɗan tunkiya.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ladi ta dawo tana guɗa tun daga bakin hanya. Jiya da hantsi, mace, lafiya lau su biyun. Na ce madalla, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don bai kamata a ga fuskar mutum a kan 'yar fari ba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, bayan azahar, a Safo

An raɗa suna, an yanka rago. Ya ɗan yi ƙiba. Wayar tana bakin rijiyar Baba, an haɗa biyun an ɗaura guga, ya ce ba za ta koma Madarumfa ba. Sani ya zo da mutanen fada. Ya ja ruwa da ita ya ce yanzu kam ya ji bambanci. Na bar shi. Ni har gobe ina cewa gurmin ya fi zaƙi da ita, amma ba wanda zan sake gaya wa.

Mu maza muna waje bisa tabarmi, mata suna ciki, zana ce tsakaninmu. Gidan cike da masu goyo, yara sun fi goma, wannan ya yi kuka wancan ya karɓa. Ni na juya wa zanar baya kamar yadda ya kamata, ina raba goro, ina amsa barka. Ban ga yarinyar ba tukuna sai daga nesa, a naɗe.

Amma akwai wani kuka a ciki, siriri, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, sautin sama ya yi masa yawa, na ƙasa babu ko kaɗan. Duk lokacin da ya tashi sai in ji muryar Habiba tana rarrashi. Na fara ƙirgawa a raina, ina faɗin “tawa” kafin Habiba ta yi magana.

Goma cikin goma. Ba wanda ya jefa mini gyaɗa, na ci gaba da raba goro.